Bindiga a Maƙera, Harsashi a Masana'anta

Wanda ya fita daga Malanville ya nufi gabas, kogin Kwara yana hannunsa na hagu, zai ratsa fadamun shinkafa da lambunan albasa har ya iso Madekali, daga nan kuma saura ƙiris ya taka iyakar Nijeriya ta wajen Lolo a jihar Kebbi. Madekali ɗaya ce daga cikin gundumomi 5 na Malanville a lardin Alibori, can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin. Tsallaken ruwa Nijar ce, ƙasar Gaya. Dendawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, mutum ya yi sallar asuba a wata ƙasa ya yi azahar a wata. Ko rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 bai tsayar da zirga-zirga ba, sai dai ya mayar da ita cikin kwale-kwale.

A irin wannan wuri, duk sa'ad da zancen makamai ya taso, bindiga ake nunawa. Ita jami'an tsaro ke jerawa a ƙasa a ɗauki hoto, ita ake ƙirgawa a rahoto. Amma maharbi ya san ba nan gizo ke saƙar ba. Bindiga sau ɗaya ake sayenta, ta yi shekara 30 tana aiki, ɗa ya gada a wurin uba. Harsashi kuwa kullum cikin ƙarewa yake. Maƙerin ƙauye zai iya ƙera bindigar da za ta tashi, amma ɗan kwanson tagullar nan da ke faɗuwa ƙasa bayan harbi ya fi ƙarfin maƙerarsa. Shi ya sa tun da aka fara yin harsashi mai kwanso mutane ke tsince shi su sake ɗurawa, wasu ma har su sauya masa siffa ya shiga bindigar da ba dominta aka yi shi ba. A Amurka wannan aikin sha'awa ne mai littattafansa da shagunansa. A bakin Kwara kuwa maganar ta shafi yatsun maharbi da idonsa, ta kuma shafi tambayar da ta fi damun kowa a yanzu, wato inda harsasan da ake kashe mutane da su suke fitowa.

Aikin kwanso

Harsashi abu huɗu ne a haɗe. Akwai ƙwayar da ke fita, galibi dalma ce ko ƙarfe da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Akwai albarushi. Akwai 'yar hular da ke gindi, wadda allurar bindiga ke sara ta ba da tartsatsi. Sai kwanso da ya tattare su. Mutane da yawa sun ɗauka mazubi ne kawai, alhali babban aikinsa toshe ƙofa. In albarushi ya kama, kafin ƙiftawar ido ya zama iska mai zafi da ke neman mafita ta kowace fuska. Ana so ta yi gaba ta tura ƙwaya, don ta baya fuskar mai harbi ce. To, a daidai wannan lokacin kwanson yakan kumbura ya manne da bangon mazauninsa a cikin bindiga ya tare iskar, da matsin ya sauka kuma ya ɗan tsuke a samu zare shi.

Matsin ba na wasa ba ne. Tayar ƙaramar mota iskar da take ɗauka ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba a ma'aunin matsi. Kartush, wato harsashin bindigar farauta mai lamba 12, an yarda ya kai bar 740. Harsashin AK-47 yana kaiwa wajen bar 3,500, manyan harsasan farauta irin .308 kuwa sun haura 4,000. Duk wannan a jikin ɗan bututun da kaurin wuyansa bai kai rabin milimita ba.

Tagullar kwanso gami ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. An zaɓe ta don tana miƙewa ba ta tsage ba, tana ɗan dawowa bayan ta miƙe, ba ta kuma yin tsatsa. Masana'anta ba narka ta take yi ta zuba a ƙwarya ba. Faifai ake yankowa a yi ta tura shi cikin jerin injuna har ya zama bututu mai gindi kakkaura mai tauri da wuya siriri mai laushi. A wannan bambanci na gindi da wuya lafiyar mai harbi take.

Nan ne kuma ilimin maƙera ke iya yaudarar mai shi. Maƙeri ya san ƙarfe: a gasa shi ya yi ja, a tsoma a ruwa, ya yi tauri. Tagulla akasin haka take. Duka da lanƙwasa ke sa ta tauri, wuta kuwa laushi take sa ta, ko an tsoma ta a ruwa taurin ba ya dawowa. Kowane harbi da kowace matsa suna ƙara wa wuyan kwanso tauri har ya fara tsagewa. Inda ake yin abin bisa ƙa'ida wuyan kaɗai ake bari zafi ya taɓa, gindin ana kare shi. Wanda ya jefa kwanso ɗungurungum cikin garwashi don ya yi laushi ya kashe gindin ke nan, kuma ido ba ya ganin komai. Sai ranar harbi.

Akwai wata cutar tagulla da sojojin Ingila suka gamu da ita a Indiya a ƙarni na 19. Da damina sukan ajiye harsasai a bargar dawaki, in rani ya yi a fito da su sai a tarar kwansuna sun tsattsage ba wanda ya taɓa su. Sai a 1921 masana suka gano dalilin: tururin fitsarin dawaki ne, haɗe da danshi, ke cin tagullar da ke cikin matsi. Mai ajiye harsashi a bukkar da ke jingine da turken awaki a ƙasa mai laima irin ta bakin kogi ya kamata ya san wannan.

Yadda ake sauya wa kwanso siffa

Lambar da ke jikin harsashi tana faɗin abu biyu, kaurin ƙwaya da tsawon kwanso. 7.62×39 na AK-47 ne. 7.62×51 na G3 da FN ne, bindigogin da sojan Nijeriya ya daɗe yana riƙewa. 7.62×54 na mashinga PKM ne, asalinsa tun 1891 a Rasha. Ƙwayarsu kusan kauri ɗaya, amma ba wanda ke zama a mazaunin ɗan'uwansa. Sai dai da yake harsasai da yawa gindinsu ɗaya ne, bambancin a kafaɗa da wuya yake, ana iya tura kwanson wani cikin ƙarfen da aka rarake da siffar wani, a matsa, wuyan ya tsuke ko ya buɗe.

Gwamnatoci ne ma suka fara. Ingila ta ɗauki faffaɗan kwanson bindigar Snider ta tsuke masa wuya ta samu harsashin Martini-Henry na 1871. Faransa ta yi haka da harsashin bindigar Gras ta 1874 mai milimita 11. Da Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a 1884, ana gaggawa, sai aka tsuke kwanson Gras zuwa milimita 8, aka samu harsashin Lebel na 1886. Bindigogin nan biyu, Gras da Lebel, su ne 'yan mulkin mallakar Faransa suka shigo da su ƙasashenmu.

Daga baya abin ya koma hannun masu sha'awa a Amurka. Harsashin sojansu na 1906, .30-06, ya haifi 'ya'ya da yawa a ɗakunan gwaji na bayan gida. An tsuke shi aka samu .25-06, wanda ya shekara kusan 50 a hannun masu gwaji kafin kamfanin Remington ya karɓe shi a 1969. An buɗe shi zuwa wajen milimita 9 a 1922 aka samu .35 Whelen. Shi ma .308 Winchester na 1952 ya haifi .243 a 1955 da 7mm-08 a 1980. Wasu don neman dacewar harbi suke yi, wasu don araha, wasu kuma don sun mallaki tsohuwar bindigar da aka daina yi wa harsashi. MAS-36 da Faransa ta bar wa rundunonin ƙasashen da ta raina misali ce. Harsashinta na 7.5×54 ya yi wuya, masu tara tsofaffin bindigogi a Amurka sun daɗe suna samo shi daga kwanson wani harsashin Turai mai kama da shi.

A faɗe abin da sauƙi. Amma tagullar da aka matse ba ɓacewa take yi ba, wani wurin take komawa. In an tsuke wuya sai bangonsa ya ƙara kauri, kwanson kuma ya ƙara tsawo. Wuyan da ya yi kauri ba ya samun wurin buɗewa ya saki ƙwaya, sai matsi ya hau ya wuce abin da aka gina bindigar ta ɗauka. In an buɗe wuya sai ya yi siriri ya tsage. In kafaɗa ta koma baya fiye da kima, kwanson zai yi lilo a mazauninsa, ya miƙe lokacin harbi har ya rabu biyu kusa da gindi. Duk waɗannan bambance-bambance ne na 'yan kaso cikin ɗari na milimita. Kuma kwanson soja ya fi na farauta kaurin bango, cikinsa ya fi ƙunci, saboda haka albarushin da ya yi daidai a wancan ya yi yawa a wannan.

Sai babbar matsala, rubutun gindi. Kwanson da aka sauya wa siffa yana nan da tambarinsa na asali, wato yana faɗin abin da ba shi ba ne. A Amurka akwai harsashin .300 Blackout mai ƙwaya milimita 7.62 wanda mutane da yawa ke yi daga kwanson 5.56. Gindinsa na cewa 5.56, kuma yana iya shiga bindigar 5.56, ga ƙwayar ta fi bututun kauri. Bindigogi da dama sun tarwatse ta haka. Faransa ma ta taɓa ɗanɗanawa. Harsashinta na 1924 mai milimita 7.5 ya yi kama da na Mauser ɗin Jamus har na Jamus ɗin yana shiga bindigarta ya fasa ta, dole a 1929 ta rage tsawon kwanson don kada a sake rikita su.

Abin da ke sa mai sha'awar Amurka ko Turai ya yi wannan aiki ya kwana lafiya ba ƙwarewar hannunsa kaɗai ba ce. A bayansa akwai hukumar SAAMI da aka kafa a 1926 da takwararta ta Turai, CIP, ta 1914, waɗanda suka rubuta awon kowane harsashi da iyakar matsinsa. Akwai gidajen gwajin bututu irin na Birmingham da ke aiki tun 1813, inda ake harba kowace bindiga da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi kafin a buga mata hatimi. Yana da ma'aunin da ke gane bambancin da bai kai kashi 1 cikin 100 na giram ba, albarushinsa na da suna da lamba, littafinsa kuma daga ɗakin gwajin kamfani ya fito. Duk da haka suna samun haɗari. A cire waɗannan duka, abin da ya rage caca ce.

Mu ma mun taɓa yi

Kada a ɗauka abin baƙo ne a Afirka ta Yamma. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, yana da masu haɗa albarushi da masu zuba igwa a Zinder. Almami Samori Ture ya fi kowa nisa. Yana sayen bindigogi ta Saliyo, maƙeransa kuma suka koyi gyara Gras har da ƙera irinta, mayaƙansa na tsince kwanson da aka harba a mayar wa maƙera su sake ɗurawa. Sai dai a lura, kwanson ake tsincewa, don shi ne ba a iya yi da yawa. Harsasan wancan zamani kuma na baƙin albarushi ne, matsinsu bai kai rabin na yau ba, shi ya sa aikin hannu ya iya ɗauka.

Turawa sun gane inda maƙogwaron yake. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a duk faɗin da ke tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu a taswirar duniya, suka bar musu bindiga mai ƙanƙara da baƙin albarushin kasuwa. An ce don hana cinikin bayi ne. Ko ma don mene ne, Faransa ta kama Samori a 1898, Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903, manomin ƙasar Hausa da na Dendi kuma aka bar shi da bindigar toka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 har yau tana ɗauke da wannan rabo: bindigar da ake ɗurawa ta baki lasisinta na wurin kwamishinan 'yan sanda, ta farauta mai kartush na wurin sufeto janar, ta yaƙi kuwa sai shugaban ƙasa.

Bindigogi uku, hali uku

A karkarar wannan yanki, daga Alibori zuwa Dosso zuwa Kebbi, bindiga iri uku ce, kuma kowace da yadda take da kwanso.

Bindigar toka ba ruwanta da shi. Ta baki ake ɗura ta, albarushi da tsumma da duk abin da aka samu na ƙarfe ko dalma. Ita ce ta korar birai daga gona, ta bikin salla, ta 'yan banga marasa hali. Haɗarinta na zuwa ne ranar da wani ya samu harsashin soja ya farke ya juye garinsa a cikinta, yana ganin ai albarushi albarushi ne. Ba haka ba ne. Garin zamani in an kulle shi a bututu yana ba da matsin da ya ninka na baƙin albarushi, bututun kuwa sau da yawa famfon ruwa ne ko sandar sitiyarin mota, ba wanda ya taɓa gwada ƙarfinsa. In ta fashe a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko a ce an yi wa mai ita sammu. Ni dai ban ga tsautsayi a nan ba, lissafi ne ya cika.

Ta biyu ita ce mai lamba 12, ko ta kamfani ko ta maƙera, mai baki ɗaya ko biyu. Faɗin bututunta wajen milimita 18 da rabi ne. Kartush ɗinta roba ce mai gindin ƙarfe da aka shafa wa ruwan tagulla, ana yinsa har a Afirka, a Bamako da Pointe-Noire. Wannan ne maharba ke sake ɗurawa, kuma dalilinsu a fili yake: sabo da tsada, mai lasisin sayarwa yana nesa, zomo ko zabon da za a harba kuwa wani lokaci kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Matsin kartush bai kai na harsashin soja ba, shi ya sa ake yi ana tsira sau da yawa. Amma roba na gajiya, bakinta na yagewa, ɗurin da aka auna da ido yau ya yi kaɗan gobe ya yi yawa. In ya yi kaɗan ma haɗari ne, don toshiyar da ke cikin kartush kan maƙale a tsakiyar bututu, harbi na gaba ya tarar da hanya a rufe.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da ƙara. Dalmar ɗuri sau da yawa daga mataccen batirin mota take fitowa, a narka ta a tsakar gida inda ake girki yara na rarrafe. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ya san abin da ƙurarta ke yi. Wancan daga dutsen zinariya ne, amma a Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008, kuma batir ne sanadi.

Ta uku ita ce AK da 'yan'uwanta. Ita ce ke kashe mutane da yawa, kuma ita ce ba a sake ɗura wa harsashi. Yawancin harsasanta, na Rasha da Sin da gabashin Turai, kwansonsu ƙarfe ne da aka shafa wa fenti ko ruwan jan ƙarfe, ba ya karɓar matsa irin ta tagulla. 'Yar hularsu ma irin ta Berdan ce, mai wahalar cirewa. (Abin dariya, Hiram Berdan Ba'amurke ne amma Turai ce ta rungumi tsarinsa, Edward Boxer Baturen Ingila ne amma nasa tsarin ne ya mamaye Amurka, kuma sauƙin cire hularsa na cikin abin da ya sa sake ɗuri ya bunƙasa a can. Duka biyun a 1866 suka yi rajistar ƙirƙirarsu.) Mai harba ɗaruruwan harsasai a dare ɗaya ba shi da lokacin tsintar kwanso. Daga akwatin masana'anta nasa ke zuwa.

Wannan ne ya kamata a riƙe in ana maganar arewacin Benin. A Fabrairun 2022 an kashe mutum 9 a gandun dajin W, wanda ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da ɓangarensa na Benin a 2020. A ranar 8 ga Janairun 2025 sojojin Benin 28 suka mutu a kusurwar da Benin da Nijar da Burkina Faso suka haɗu, a harin ranar 17 ga Afrilu kuma gwamnati ta ce 54 ne suka mutu, ƙungiyar JNIM ta ɗauki alhaki. Tsallaken iyaka a Kebbi da Sakkwato ana fama da Lakurawa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi da kartush ɗin da maharbi ya ɗura a zaurensa.

Kwanso mai ba da shaida

A gindin kowane harsashin soja akwai tambari, yawanci lambar masana'anta da shekara. 539 Tula ce a Rasha, 17 Barnaul, 10 Bulgeriya, 61 da 71 masana'antun Sin ne. Allurar bindiga da ƙugiyar da ke fizgo kwanso su ma suna barin tabon da ya keɓanta da bindiga guda. Da wannan masu bincike irin Conflict Armament Research da Small Arms Survey ta Geneva suke bin sawu. A 2012 na farkon suka fitar da rahoto a kan wasu harsasai marasa sunan masana'anta da aka yi ta tsinta a ƙasashen Afirka 9, har da Nijar da Nijeriya, suka nuna cewa daga Iran suke. Irin wannan bincike ne ya nuna rawar da rumbunan Libiya suka taka bayan 2011, ya kuma nuna abin da gwamnatoci ba su cika son ji ba, cewa kaso mai tsoka na makaman da ke hannun masu tayar da ƙayar baya a Sahel daga barikokin sojojin yankin aka ƙwato su ko suka zurare.

Brazil ta wuce nan. Harsashin da ake sayar wa jami'an tsaronta yana ɗauke da lambar rukuni a jikin kwanso. Da aka kashe 'yar majalisar birnin Rio Marielle Franco a Maris 2018, kwansunan da aka tsinta a wurin sun nuna rukunin UZZ-18, wanda aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006. Cikin 'yan kwanaki aka san haka.

Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006 ta fara aiki a 2009, ta nemi irin wannan. Ta sa harsasai cikin sunanta ma, abin da shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2001 ya kauce wa. Ta ce a sa wa harsashi lambar rukuni da sunan masana'anta da ƙasa da shekara, ƙasa ba ta shigo da makami sai da takardar izinin ƙungiyar, a kuma ƙirga maƙeran bindiga na gida a yi musu rajista. A takarda ba abin da ya rage. A ƙasa kuwa, bayan an kai hari, yara ne ke riga kowa tsince kwanso, na tagulla ya tafi wurin 'yan gwangwan a auna a kilo, shaida ta narke ta zama awarwaro. Ga shi kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar da ke ba da wancan izini.

A ganina hukumomin kula da makamai na ƙasashen uku, ta Benin da dokarta ta makamai ta 2019, ta Nijar da hukumarta da ke aiki tun 1994, ta Nijeriya da cibiyar da ta kafa a 2021, suna kashe ƙarfi da yawa a inda ya fi sauƙin kamu. Kama maƙeri ko tsohon maharbi da bindigar toka ba wuya, hoto ma yana kyau. Ƙirga harsashin bariki duk wata, a san wanda ya sa hannu ya ɗauka, a sayi mai lambar rukuni ko da ya fi tsada, a koya wa ɗan sandan ƙauye ya ɗauki hoton gindin kwanso da wayarsa kafin a share wuri, wannan ne aikin da ba ya fita a talabijin. Ba wai maƙera ba su da laifi ba. Bindigar gida na shiga fashi da rikicin manoma da makiyaya, wasu maƙeran ma sun kai ga ƙera mai cin harsashin soja. Amma ita ma wannan harsashin masana'anta take jira.

Maharbi kuwa hana shi ba zai hana shi ba, don gonarsa na nan, birai na nan. Abin da zai raba shi da ɗurin ido da narka batir shi ne ya samu sabon kartush ta halal kusa da shi. Sarakunan baka sun san maharbansu ɗaya bayan ɗaya, da su za a iya yin rajistar da ba za a guje ta ba. A buɗe shago mai lasisi a Malanville, ba sai an je Kandi mai nisan kilomita 100 ko Kwatano mai sama da 700 ba, a sa sharaɗin cewa wanda ya dawo da fanko 10 shi ake sayar wa sabo 10. Hukuma ta san yawan abin da ke fita, fanko ya daina yawo, wanda ya sayar wa ɗan fashi kuma lissafinsa ya ƙi cika. Wahalar tsarin a farashi take. In kartush ɗin shago ya ninka na kasuwar bayan fage da ake tsallakowa da shi ta ruwa, ba maharbin da zai taka ƙofar shagon, saboda haka harajin da ke kansa ne farkon abin da gwamnati za ta duba.